Hazon teku ya ƙi fitowa a farantina

Assalamu alaikum 'yan uwa masu bugun zane da asid. Wata uku ke nan ina fama da faranti ɗaya na jan ƙarfe, irin wanda asid ke cin zane a kansa, a shafa masa tawada a buga a takarda. Hoton teku ne da asuba, hazo ya lulluɓe ruwa, kwalekwale ɗaya can nesa.

Igiyar ruwa ta gaba ba ta ba ni wahala ba, na ja layukan da allura, asid ya ci su da zurfi. Matsalar tana inda sama ta haɗu da ruwa. So nake wurin ya narke, ido ya kasa gane iyakarsu. Na barbaɗa garin ƙaro, na gasa farantin ya manne, don asid ya ci tsakanin ƙwayoyin garin ya ba da inuwa, na tsoma shi a ferik kuloraid, ruwan sinadari mai cin jan ƙarfe, sau huɗu, kowane karo ina rufe wani sashe da fenti mai hana ci. Sai kowane tsomi ya bar gaɓa a fili, hazon ya fito hawa-hawa kamar matakala. Na gwada shafa asid da buroshi, ya bar tabo.

Na san Whistler, mai zane ɗan Amurka, a zanukan birnin Venice na Italiya da ya fara a 1879, yakan bar siririyar tawada a kan faranti wajen gogewa, ita ke ba shi duhun ruwa da na sama. Ina son hakan ƙwarai, amma a hannuna kowane bugu da kamarsa, ni kuma guda ashirin nake so su zo ɗaya.

Shin in murje gaɓoɓin da ƙarfen gogewa, ko in kankare wurin in sake barbaɗa ƙaro? Wanda ya iya shafa asid da buroshi kuma, yaya yake jiƙa farantin tukuna?