Ƙanena ya ce wanda ya yarda ya mutu a kan abu ba zai zama a kan ɓata ba

Tela daga Zariya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema a kan ƙanena, shekararsa 19, tare muke zama a shagon ɗinki. Da shi ne mai surutun shago, amma tun bayan ƙaramar salla sai ya toshe kunne da waya yana kallon bidiyon masu ɗaukar makami da sunan addini. Shekaranjiya ina yanka yadi ya ce min: "Yaya, wanda ya ɗaura bam a jikinsa me zai ci a duniya? Da bai ga gaskiya ba, da bai ba da ransa ba." Wallahi bakina ya mutu. Na san maganar ba daidai ba ce, amma na rasa amsa. Mahaifinmu ya rasu, Hajiya kuma tana fama da hawan jini, ban gaya mata ba. Me zan ce masa?

Baban Fagge:
Wa alaikumussalam ɗana. Ina da shekara 16 aka yi rikicin Maitatsine a Kano, watan Disamba na 1980. Almajiran Muhammadu Marwa, wato Maitatsine, na unguwar 'Yan Awaki ba su tsoron mutuwa ko kaɗan. Na ga wani da idona, bai fi sa'ana ba, ba takalmi a ƙafarsa, layu a damtse, wuƙa a hannu, ya nufi masu bindiga yana kabbara. 'Yan sanda suka kasa, sai da aka kawo soja. Sama da mutum 4,000 suka mutu, da yawansu ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Mun kwana uku a ɗaki ɗaya, mahaifiyata na toshe bakin ƙanwata kada ta yi kuka. Mutumin da suka mutu dominsa kuwa tsine wa mai agogo da mai rediyo da mai keke yake yi. Ragowarsu suka sake tashi a Bulumkutu a 1982, Jimeta a 1984, Gombe a 1985. Tambayi ƙanenka: tunda su ma sun ba da rai, Maitatsine ke da gaskiya ke nan?

Malamin Islamiyya:
Ɗan'uwa, karanta masa tarihin Khawarijawa. Sun fi kowa salla da azumi, kuma a Nahrawan, shekara ta 38 bayan Hijira, sun tsaya gaban rundunar Sayyidina Ali har aka kusa ƙarar da su. Su ne suka yanka Abdullahi ɗan Khabbab da matarsa mai ciki. Da suka ce babu hukunci sai na Allah, Ali ya ce kalmar gaskiya ce aka nufi ɓarna da ita. Mutuwar mutum a kan abu tana nuna ya yarda da abin, ba ta nuna abin daidai ne ba. Amma lura da yadda aka fara bi da su: Ibn Abbas aka tura, ya zauna ya saurari hujjojinsu ɗaya bayan ɗaya, dubbai suka dawo.

Ɗalibar Tarihi:
Malam, ina da ja kaɗan. Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu a Burmi a 1903 yana yaƙar Turawa, kuma mutuwar tasa na cikin abin da ya sa muke girmama shi. Kada a nuna wa yaron cewa sadaukarwa banza ce, zai daina saurare.

Malamin Islamiyya:
Gaskiyarki, 'yar'uwa. Sai dai ko da Attahiru ya tsira daga Burmi, mamayar tana nan a matsayin zalunci. Kuma rundunar da ta biyo shi ya fuskanta, ba masallata ba, irin waɗanda aka kashe a babban masallacin Juma'a na Kano ranar 28 ga Nuwamba, 2014.

Maman Khalifa:
Don Allah kada ka dake shi, kada ka kore shi daga shago, can za su karɓe shi hannu bibbiyu. Ka binciki wa ke turo masa bidiyon nan, ka kuma sanar da kawunku tun yau. Ka tambaye shi 'yan matan da aka riƙa ɗaura wa bam a Borno, wasu ko shekara 12 ba su kai ba, su wace gaskiya suka gani? Masu turo su fa, me ya hana su ɗaura wa kansu?

Tela daga Zariya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Jiya bayan isha'i na karanta masa maganar Baban Fagge da ta Malamin Islamiyya. Bai ce uffan ba, can sai ya tambaye ni ko Ibn Abbas ɗin da gaske ya saurare su. Na kira Kawu, gobe bayan la'asar zai kai mu wurin limamin unguwarmu. Yaron ya ce zai je in za a bar shi ya yi tambayoyinsa, na ce za a bar shi.