Husufin rana: yana taɓa yanayi da wutar sola da gaske?

Ɗan Kwari: Assalamu alaikum. Ana cewa in rana ta yi zazzaɓi har iska da gajimare suna canjawa, kamfanonin wuta kuma sai sun yi shiri. Abin da bai fi minti biyar ba, ina ya kai ga haka? Masu sola a gida fa?

Malam Bala: Wa alaikumus salam. Duhun ne 'yan mintuna, amma daga farawar husufi zuwa washewarsa awa biyu ne zuwa uku, duk hasken yana raguwa ko yana dawowa. Ƙasa ce ke fara hucewa, sannan iskar da ke kanta. Zafi kan sauka da digiri 2 zuwa 5 a ma'aunin Celsius, ya fi haka a busasshen wuri mai rairayi, kuma mafi sanyin ba ya zuwa daidai da duhun, sai bayan kamar minti goma ko sha biyar. Ƙananan gajimaren nan masu kama da auduga kan watse, domin ɗumin da ke tashi daga ƙasa ne ke haifar da su. Wata ya rufe kashi 15 cikin ɗari na rana ma sun fara raguwa. A kan teku ba a ganin haka, ruwa ba ya saurin hucewa. Iska ma takan lafa. Cikakken husufi ya ratsa Gusau da Katsina ranar 29 ga Maris 2006, amma a lokacin sola ba ta yaɗu ba.

Injiniya Hadiza: A babban layin wuta, ba rashin wutar ne ke tayar da hankali ba, saurin faɗuwa da saurin dawowa ne. Dole abin da ake samarwa ya yi daidai da abin da ake sha a kowace daƙiƙa, in ba haka ba saurin bugawar wutar ya kauce daga sau 50 ko 60 a daƙiƙa da aka tsayar, injina su katse kansu. Ranar 8 ga Afrilu 2024, wutar sola a jihar Texas ta Amurka ta faɗo daga sama da megawat 13,000 zuwa ƙasa da 1,000 cikin awa ɗaya da 'yan mintuna. Tashoshin gas da manyan batura suka cike giɓin, wuta ba ta ɗauke ba. Jamus ta ci irin wannan jarrabawa ranar 20 ga Maris 2015, kuma dawowar ce ta fi ba su aiki, domin husufin ya washe dab da tsakar rana, lokacin da hasken ya fi ƙarfi. Sauƙinsa, an san lokacinsa tun shekaru kafin ya zo, saɓanin hadari. Husufin 2 ga Agusta 2027 zai bi ta Luxor da Jidda da Makka, ga tashar wutar sola ta Benban a Masar kusa da Aswan a yankin.

Mai Inbata: Ɗan Kwari, farantin solarka ba abin da zai same shi, ba sai ka kashe komai ba. Amfiya (yawan wutar da ke gudana) ce ke faɗuwa gwargwadon hasken, boltej (ƙarfin da ke tura ta) kuwa yana nan kusan yadda yake sai duhu ya yi sosai. Faranti huɗu masu wat 400, in an rufe rabin rana, ka sa ran rabin abin da suka saba bayarwa. Ka cika batir tun da safe, ka ɗage guga da hita zuwa bayan an washe. Matsalar tana wurin famfon burtsatse mai aiki da sola kai tsaye ba batir: zai riƙa tsayawa yana tashi, wannan kuwa yana gajiyar da moto. A cika tanki da wuri, a kashe shi awa biyun nan. Fitilun titi masu gane duhu za su kunna kansu, kada a ce sun lalace.

Malam Bala: Kuma kada a ɗaga kai a kalli rana da baƙin tabarau na kasuwa ko gilashin da aka turara da hayaƙi. Gilashin walda ma sai mai lamba 14.