Lubuntu 24.04 da GeForce GT 730: allo ya yi baƙi bayan saka direban NVIDIA

Ɗan_Fagge ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwamfutar tebur ce tsohuwa mai RAM 4GB, na saka mata Lubuntu 24.04, wani nau'in tsarin Linux na dangin Ubuntu, saboda ba shi da nauyi. Katin hoton da ke ciki GeForce GT 730 ne. Da direban (manhajar da ke tuƙa katin) da ya zo tare da tsarin, wato nouveau, tana aiki, amma bidiyo na sarƙewa, hoton kuma yana tsagewa a tsakiya idan na ja taga. Sai na sauke sabon fayil mai ƙarewa da .run daga shafin NVIDIA, kamfanin katin, na saka. Ya yi wani gargaɗi na wuce shi, duk tambayar da ya yi kuma na ce eh. Da na sake kunnawa sai baƙin allo, da wani ɗan layi yana ƙiftawa a kusurwar hagu ta sama. Akwai gyara, ko sai na goge komai na sake sakawa daga farko?

Malam_Tarminal ya amsa:

Wa alaikumus salam. Kada ka goge komai, tsarinka lafiya lau yake, fuskar mai tagogi ce kawai ta ƙi tashi. Gargaɗin da ka wuce shi ne gaba ɗaya matsalar: sababbin direbobin NVIDIA sun daina ɗaukar GT 730. Fayil ɗin ya toshe nouveau, shi kuma ya kasa tuƙa katin, sai aka tashi babu direba ko ɗaya.

A kan baƙin allon nan danna Ctrl+Alt+F3. Zai nemi sunanka da kalmar sirri, ka rubuta ko da ba ka ga harufan suna fitowa ba, haka yake. Daga nan:

`sudo nvidia-uninstall`

Sannan ka duba abin da ya bari a baya, don ba kullum yake share ƙafarsa ba:

`grep -ril nouveau /etc/modprobe.d /usr/lib/modprobe.d`

Idan ka ga nvidia-installer-disable-nouveau.conf, goge shi da `sudo rm` a duk inda ya fito. Tunda ka ce eh ga komai, ya rubuta maka /etc/X11/xorg.conf, shi ma ka kawar da shi:

`sudo mv /etc/X11/xorg.conf /etc/X11/xorg.conf.tsoho`

`sudo update-initramfs -u`

`sudo reboot`

Umarnin initramfs ɗin nan mutane ke yawan mantawa. Dokar toshe nouveau kan shiga cikin ɗan ƙunshin da kwamfuta ke fara lodawa lokacin tashi, in ba ka sabunta shi ba za ka goge fayil amma toshewar na nan daram.

In ma Ctrl+Alt+F3 ya ƙi, sake kunnawa ka riƙe Shift, ko ka riƙa taɓa Esc idan na'urar mai sabon tsarin tashi na UEFI ce, har GRUB, jerin zaɓin tashin kwamfuta, ya fito. Danna e, ƙara kalmar nomodeset bayan quiet splash don allon ya tashi da hoto mai sauƙi, sai F10. Na tashi ɗaya ne kawai, ba ya zama dindindin.

Hajiya_LXQt ta amsa:

Bayan ka bi abin da Malam ya faɗa, kada ka saka komai tukuna sai ka san wace GT 730 ce a hannunka. Sunan ɗaya ne a jikin kwali, amma cikin ba ɗaya ba ne. Akwai mai guntun GF108 na zamanin Fermi, akwai mai GK208 na zamanin Kepler, kuma direbansu ya bambanta. Rubuta:

`lspci -nnk | grep -iA3 vga`

Ka duba lambar da ke ƙarshen layin farko. Idan 10de:1287 ce, Kepler ke nan, direbanka 470. Idan 10de:0f02 ce, Fermi ne, direbansa na ƙarshe 390, wanda NVIDIA ta daina kula da shi tun ƙarshen 2022, kuma babu shi a rumbun manhajojin 24.04. Mai irin wannan katin gara ya haƙura da nouveau, ko ya nemi wani katin. Tilasta 390 a kan sabon kanel, wato zuciyar tsarin Linux, wahala ce da za ta riƙa dawowa duk sabuntawa.

Idan Kepler ne, hanyar gajeriya ce:

`sudo apt update`

`ubuntu-drivers devices`

Zai jero abin da ya dace da katinka, ya sa alamar recommended a gaban ɗaya. Sai:

`sudo ubuntu-drivers install`

Abin da ya sa muke hana .run a kan Lubuntu: apt, mai saka manhajoji da sabunta su, bai san da zamansa ba. Yana ajiye fayilolinsa a wuraren da fakitin tsarin suke, ranar da aka sabunta Mesa (fakitin zane na tsarin) ko kanel sai su taka juna, ka wayi gari da baƙin allo ba tare da ka taɓa komai ba. Na rumbu kuwa tare yake tafiya da kanel ɗin da Ubuntu ke turowa, shi yake toshe nouveau da kansa, kuma cire shi umarni ɗaya ne.

Ɗan_Fagge ya sake rubutawa:

Na gode Malam, na gode Hajiya. Fuska ta dawo. Lambar 10de:1287 ce, ya rubuta GK208B. Na saka 470, amma `nvidia-smi`, umarnin duba katin, yana cewa ya kasa magana da direba, allon kuma ya zama manya-manyan harufa. Da na sake kunnawa wani shuɗin allo ya fito, na danna Continue boot.

Injiniya_Zinder ya amsa:

Shuɗin allon nan ne ka tsallake, ɗan uwa. Tabbatar tukuna:

`mokutil --sb-state`

`dkms status`

Idan na farko ya ce SecureBoot enabled, wato tsaron da ke hana loda abin da ba a san sa hannunsa ba yana kunne, na biyu kuma ya nuna nvidia/470 a matsayin installed, to an gina direban amma kanel ya ƙi lodarsa saboda bai san sa hannun da ke kansa ba. DKMS, manhajar da ke haɗa direba da kanel, a cikin kwamfutarka yake gina direban, ya sa masa hannu da makullin da aka ƙirƙira a nan, kai kuma sai ka gabatar da makullin ga na'urar sau ɗaya. Yi haka:

`sudo mokutil --import /var/lib/shim-signed/mok/MOK.der`

Zai nemi kalmar sirri ta wucin gadi sau biyu. Sa lambobi takwas kawai, don a shuɗin allon madannai kan koma tsarin Amurka, alamomi su sauya wuri. Sake kunnawa, ka danna kowane maɓalli da sauri kafin ƙidayar ta ƙare, sai Enroll MOK, Continue, Yes, ka rubuta lambobin, Reboot. Kashe Secure Boot a saitin na'urar ma yana warware matsalar, amma idan akwai Windows 11 a gefe ban ba da wannan shawarar ba.

In kuma `dkms status` bai nuna an gina komai ba, duba `uname -r`. Tun 2024 NVIDIA ta daina sabunta 470, saboda haka kanel mafi sabo zai iya ƙin haɗuwa da shi. 24.04 da 6.8 ya fito, kuma `sudo apt install linux-generic` zai kawo maka shi tare da fayilolin kanel (headers) da DKMS ke buƙata. Sai ka zaɓe shi a GRUB ƙarƙashin Advanced options.

Abu ɗaya kuma, tunda kwamfutar tebur ce babu batir: kada ka fara wannan aikin lokacin da wuta ke wasa. Idan aka ɗauke ana tsakar sakawa, da ta dawo fara da `sudo dpkg --configure -a` sannan `sudo apt -f install` kafin komai.

Hajiya_LXQt ta ƙara:

Idan `nvidia-smi` ya nuna tebur mai sunan katin da zafinsa, an gama da direba. Tsagewar hoton da ka fara kuka da ita kuwa ba lallai ta tafi da kanta ba, don Openbox, mai sarrafa tagogin Lubuntu, ba ya daidaita zane da bugun allo. Buɗe `nvidia-settings`, shiga X Server Display Configuration, danna Advanced, sa alama a Force Composition Pipeline, sai Apply. Ja taga ka gani. In ta daina tsagewa, ajiye saitin da Save to X Configuration File, in ba haka ba zai ɓace da ka kashe kwamfutar. Kada ka haɗa shi da vsync na picom, wata manhajar da ita ma ke daidaita zane da bugun allo, lokaci guda, a kan ƙaramin kati irin wannan linzami zai riƙa jan ƙafa.

Kuma wata rana bayan sabuntawa za ka iya ganin saƙon Driver/library version mismatch. Sabon direba ne ya sauka alhali tsohon yana cikin ƙwaƙwalwa, sake kunna kwamfutar kawai.