Mai Taka Kwalba da Mai Fasa Ta

Baba Ɗan Fagge:
Tun ina bin layin siniman Plaza da yamma,
Indiya ba su yi adalci ga Musulma,
Ko rawa take a gidan masu alfarma,
Ko a ɗaki tana kukan rashin makoma.

Gimbiyar Tudun Wada:
Baba sannu, wa ya kai ka ka zauna?
Kan Meena Kumari ka tsufa da ƙauna,
Pakeezah sau tara ka gani, an gaya mana,
Yau gemu ya yi fari ka ce ɓarna.

Baba Ɗan Fagge:
'Yar nan, rashin kunya! Tsaya ki duba,
Meena ta taka kwalba tana rawa, jini na zuba,
Umrao Jaan a Lakhnau ta so, babu riba,
Anarkali hukuncin bango ta karɓa.

Malam Mai Aruli: Baba, a gafarce ni. "Karɓa" ba ta hau "duba" ba. Ɓa daban, ba daban. Ɗango na biyu kuma ya yi doguwar wutsiya.

Autan Fagge: Malam, kawo naka mu gani. Fagge ba ta ɗingishi, Baba ya gama magana!

Malam Mai Aruli: Yaro, mai gyaran kari ba ya gasa.

Gimbiyar Tudun Wada:
Ku bar faɗan harafi, Baba ya tsaya baya,
Gully Boy, 2019, Safeena ta canza hanya,
Da hijabinta, likitanci take koya,
Kwalbar nan ita ta fasa a kan kishiya.

Hajiya Damagaram: Shegiya Gimbiya, kin kashe shi! Yi haƙuri na makara, wuta aka ɗauke mana.
Nikaah, 1982, saki uku a zama ɗaya,
Ni da yayata mun yi kuka har da majina,
Sai 2017 kotun ƙolinsu ta hana,

Na huɗun ya ƙi zuwa, wani ya cike mini.

Baba Ɗan Fagge:
Hajiya ga shi: "Fim ya riga alƙali gano ɓarna."
Gimbiya, mai fasa kai kike yaba wa?
Zaira Wasim a fim da niƙabi ta yi waƙa ta burge kowa,
A 2019 ta ce don addininta tana barin harkar, ba dawowa.

Malam Mai Aruli: Innalillahi. Wannan ɗangon na ƙarshe sai an ɗauko masa amalanke. Hajiya, "ɗaya" da "majina" kuma fa?

Hajiya Damagaram: Malam, je ka ci tuwo.