Ina ba kajina zogale da tafarnuwa, amma sun ƙi girma

Mai neman shawara: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Da kuɗin adashen da na kwasa na sayi 'yan tsakin buroila 150, na gyara ɗakin da ke bayan gida na zuba su, duk da cewa maigidana ya so in sayi keken ɗinki, kuma har yau yana maimaita maganar. Tun sati na biyu nake haɗa musu garin zogale a abinci, ina daka tafarnuwa da citta ina jiƙawa a ruwan shansu, domin masu sayen nama a wurina ba sa son kazar da aka ɗirka wa magani. Yau kwanansu 35, na ɗora biyar a sikeli, babu wadda ta wuce kilo 1.3, kuma da yamma ina tarar da rabin abincin a mazubi.

Wani Alhaji mai gona a Zariya: Wa alaikumus salam Hajiya. Ba ki faɗi yawan zogalen ba, nan kuma matsalar take. Ganyen yana da furotin, amma yana da kaushin da cikin buroila ba ya narkarwa sosai, idan ya yi yawa sai ya cika mata ciki ya rage ƙarfin finisha, wato abincin ƙiba da ake ba su a makonnin ƙarshe, wanda aka riga aka auna sinadaransa. Tafarnuwa mai yawa tana sa su ƙi ruwa, kazar da ba ta sha kuwa ba ta ci. Ki dakatar da zogalen da tafarnuwar da cittar yau.

Wata 'yar ƙungiya: Alhaji, ni zogale ya amfane ni, domin fatar kajina da ƙafafunsu sun yi rawaya, masu saye suka yaba. Abin da ya karya ni shi ne tsakin da wani dillali ya kawo mini bara, wanda kusan rabinsa ya mutu kafin sati biyu. Hajiya, ki binciki asalin tsakinki tukuna.

Alhaji: Launin fata daban, nauyi daban. Tarayyar Turai ta hana zuba maganin ƙwayoyin cuta a abincin dabbobi don ƙara girma tun 2006, shi ya sa masana suka dukufa kan ganyayyaki, amma da giram suke aunawa. Hajiya, kin yi musu rigakafin Gumboro (cutar da ke karya garkuwar jikin tsaki) da Lasota (rigakafin cutar Newcastle mai kashe kaji)? Ganye ba ya maye gurbinsu.

Mai neman shawara: Na ba su Lasota. Kwano biyu kawai nake zubawa a buhun kilo 25, kuma mahaifiyata ta shekara tana ba kajinta zogale ba su taɓa ramewa ba. Ni ina zargin zafin kwanon rufin ne.

Alhaji: Kajin mahaifiyarki na gida ne, suna kiwo da kansu. Kwano biyu ya yi yawa ƙwarai, kuma ba ki amsa maganar Gumboro ba.

Mai neman shawara: Na riga na daka buhu guda na zogale, ba zan iya zubarwa ba. Idan na cire tafarnuwar kaɗai, za su kai kilo 2 kafin bikin da aka yi mini oda?