Murhun ƙyafe nama na jan bulo a bayan gida: yaya ake gina shi?

Mai_tambaya

Assalamu alaikum. Ina son gina murhun ƙyafe nama da kifi a bayan gida, irin wanda wuta take gefe guda, hayaƙi da zafi ne kaɗai suke ratsa naman a hankali har ya nuna. Wurin da nake da shi bai wuce mita 2 a mita 2 ba. Bulon siminti na inci 6 zai yi, ko dole sai jan bulo? Kuma wane girma ya kamata wurin wutar da bututun hayaƙin su kasance? Masu sani a taimaka, Allah Ya saka da alheri.

Tsohon_birkila

Wa alaikumus salam. Malam, bulon siminti ka cire shi daga lissafi, aƙalla a duk inda wuta za ta taɓa. Siminti da ruwa yake kamawa, kuma ruwan yana nan ɗaure a jikinsa ko bayan ya bushe. Idan zafi ya haura digiri 300 a ma'aunin Salshiyas sai ya fara sakin ruwan, ƙarfinsa ya ragu, a wajen 500 kuma ya soma marmashewa. Garwashin itace mai ƙarfi yana wuce wannan. Shi ya sa za ka ga murhun da aka yi da bulon siminti ya tsattsage kafin damina biyu. Jan bulo kuwa a wuta aka haife shi.

Ginin ɗaki biyu ne manne da juna: ɗakin nama da akwatin wuta.

Fara da ƙasa. Haƙa rami mai tsawon santimita 180, faɗin 110, zurfin 25. Zuba ɓaraguzai ko manyan tsakuwa rabin zurfin, ka daɓe da kyau. A kai ka shimfiɗa rodi mai kaurin milimita 10, tazarar santimita 20 a tsaye da a kwance, sannan ka zuba kankare mai kaurin santimita 12. Kwaɓin shi ne buhun siminti ɗaya, kwanon sarki 4 na yashi, 8 na tsakuwa. Buhu biyu ya ishe ka har da saura. Ka riƙa ba shi ruwa safe da yamma kwana 7 kafin ka aza bulo ko ɗaya. Wanda ya yi gini a kan tsurar ƙasa, da damina ta zo gefe ɗaya zai zauna, ƙofa ta daina rufuwa.

Ɗakin nama, daga ciki: 60 a 60, tsayi 90. Akwatin wuta ya zama kamar kashi ɗaya bisa uku na girman ɗakin nama, wato faɗi 45, tsawo 50, tsayi 50. Idan ya yi ƙanƙanta za ka kwana kana tura itace zafi bai kai ba. Idan ya yi girma kuma itace zai yi ta tafiya a banza.

Abin da mutane suka fi kuskurewa shi ne hawa. Dole akwatin wuta ya kasance ƙasa da ɗakin nama, domin hayaƙi sama yake nema. Don haka ka ɗaga bangon ɗakin nama santimita 35 tukuna, ka cike cikin da yashi, ka daɓe, ka shimfiɗa bulo. Wannan shi ne daɓen ɗakin. Kafar da ta haɗa ɗakin nama da akwatin wuta, wadda zafi zai bi, tana can saman bangon akwatin wuta, ta ɓullo daidai daɓen ɗakin nama: faɗi 24, tsayi 15.

Kaya: jan bulo kamar 300, ka ƙara 20 saboda karyewa. Idan da hali ka nemi bulon wuta, wanda masu gidan burodi suke sa wa a tanda, guda 45, ka yi wa cikin akwatin wuta layi da shi. Girmansa yawanci santimita 23 a 11.4 a 6.4. A daɓe ka kwantar da shi, a bango ka tsayar da shi a gefensa. Tsakaninsa da jan bulon waje ka bar tazarar yatsa biyu ka cika da toka busasshiya. Tokar tana riƙe zafi, kuma tana ba bulon ciki damar motsi ba tare da ya tura na waje ba.

Kwaɓin akwatin wuta: yashi mai laushi 3, yumɓu 1, farar ƙasa ta gini 1, siminti 1. Kada kaurin kwaɓin tsakanin bulon wuta ya wuce milimita 3 zuwa 5. Ɗakin nama ba ya zafi sosai, kwaɓin siminti 1 da yashi 5 ya wadatar. Ka tsoma jan bulo a ruwa kafin ka aza shi, in ba haka ba zai tsotse ruwan kwaɓin ya bar maka gari.

Mai_walda

Baba birkila ya gama magana a kan gini. Bari in ƙara ta ɓangaren ƙarfe, domin nan ne ake cutar da kai ba a sani ba.

Kwanon rufi, bututun ruwa mai farin shafe, ragar keji, shantar tsohon firji, duk kada ɗaya ya shiga cikin murhun nan. Farin shafen da ke jikinsu idan ya ji wuta yana tashi ya zama hayaƙi mai sa zazzaɓi da ciwon ƙirji, kuma a kan abincinka zai sauka. Baƙin ƙarfe kawai, ko ƙarfen da ba ya tsatsa idan aljihu ya yarda. Ƙarfen da aka yi wa fenti a ƙone shi a waje a kankare tas kafin a kawo shi.

Rufin akwatin wuta: faranti mai kaurin milimita 6. Mai milimita 2 ko 3 zai lanƙwashe cikin wata guda. Kada ka binne gefensa a cikin kwaɓi, ɗora shi kawai ka jera bulo a kai. Dalili kuwa ƙarfe yana miƙewa kamar milimita 1.2 a kowace mita duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 100. A kan wuta wannan ya kai milimita 3 zuwa 4, kuma ya isa ya tsaga bango daga kusurwa. Haka ƙarfen angul da za ka gitta a saman ƙofofi da saman kafar zafi, ka bar masa sarari na santimita 1 a kowane ƙarshe.

Ƙofar wuta 35 a 35. A ƙasanta a yanka taga 10 a 13 da marfi mai zamewa, ita ce hancin murhun. A ciki a yi gadon rodi na milimita 16, a ɗaga shi santimita 10 daga daɓe, domin iska ta shiga ta ƙarƙashin itacen, toka kuma ta zube ƙasa. Wutar da ke zaune cikin tokarta shaƙewa take yi.

Ƙofar ɗakin nama 50 a 80, faranti na milimita 3, da sakata mai matsewa. A ciki, santimita 20 daga daɓe, ka sa faranti a kwance wanda ya manne da bangon da kafar take, amma ya bar tazarar yatsa uku a sauran ɓangarori ukun. Ba don shi ba, naman da ke kusa da kafar zai ƙone na can gefe yana ɗanye. A kansa ake ajiye tiren tarar maiƙo. Raga uku a tsayin 40, 55 da 70, a kan angul da aka soka a layin kwaɓi tun ana gini.

Bututun hayaƙi inci 4, tsawon santimita 75 zuwa 90, a rufi, ta ɓangaren da ya yi nesa da kafar zafi. Ka yi masa hula mai tazara saboda ruwan sama.

Mai_tambaya

Madalla, na gode ƙwarai. Baba, farar ƙasar gini da bulon wuta suna wuyar samu a wajenmu. Akwai madadi? Kuma da an gama gini zan iya hura wuta?

Uwar_banda

Ɗana, madadi yana ƙofar gidanka. Yumɓu da yashi kaɗai sun isa akwatin wuta, kuma a ganina sun fi kwaɓin da aka sa wa siminti, da izinin Malam birkila. Wuta ƙara wa yumɓu ƙarfi take yi, kamar tukunya. Yumɓu 1, yashi 2. Jiƙa yumɓun ya kwana biyu, ka tace tsakuwa, ka kwaɓa da yashin. Ƙasar suri ma tana yi sosai. Ka gwada kafin ka fara: mulmula curi kamar ƙwai, ka shanya a inuwa. Idan ya tsage yumɓu ya yi yawa, ƙara yashi. Idan ka murza ya wargaje, yashi ne ya yi yawa. Aibinsa ɗaya, ruwan sama yana wanke shi, don haka bangon waje a yi masa siminti ko a kafa 'yar rumfa mai tsayi a kai. Jan bulon da ya ƙonu sosai, wanda idan ka ƙwanƙwasa biyu suna ƙara kamar ƙarfe, zai zauna a madadin bulon wuta. Bayan wasu shekaru ka canza waɗanda suka ɓare.

Ba sabon abu ba ne. Murhun bandar kifi da ake kira Chorkor, wanda aka fito da shi a unguwar masunta ta Chorkor a Accra a 1969, da laka ake gina shi a mafi yawan wurare, kuma ya bazu a ƙasashen Afirka da dama.

Maganar hura wuta, a'a, kada ka yi gaggawa. Bar ginin ya sha iska mako 2 da rani, mako 3 ko fiye da damina, ƙofofi a buɗe. Bayan nan ƙaramar wuta ta ƙirare, minti 30 a rana ta farko. Kullum ka ɗan ƙara, har kwana 5 ko 6. Ruwan da ya maƙale a cikin bulo idan ya ji babbar wuta farat ɗaya tururi yake zama, ya nemi hanyar fita da ƙarfi, ya fasa. Za ka ga bango yana gumi a kwanakin farko, alama ce aikin yana tafiya. A rana ta ƙarshe ka shafe raga da cikin ƙofa da man gyaɗa, ka yi wuta mai kyau awa 3 babu nama.

Ka kuma duba inda ka juya ƙofar wuta. A ƙasar Hausa hadari daga gabas yake tasowa, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas. Ƙofar da ta kalli can, iska za ta riƙa hura wutar yadda ta ga dama. Juya ta yamma ko kudu. Ka nisanta ginin mita 3 daga ɗaki, danga ko rumfar kara, kuma kada a gina shi a rufaffen wuri, hayaƙin gawayi yana kisa ba tare da wari ba.

Tsohon_birkila

Hajiya ta yi gaskiya, ban ja ba. Sai dai layi biyu na farko daga kankare a yi su da siminti, saboda danshin ƙasa da ruwan shara.

Sarkin_gashi

Gini rabi ne, sauran rabin sarrafa wuta.

Bulo yana shan zafi kafin ya bayar. Ka ba shi awa ɗaya da rabi zuwa biyu yana ɗumama kafin nama ya shiga. Da ya ɗauka kuwa zai riƙe maka, ba kamar na ganga ba da iska kaɗan take sanyaya shi. Zafin da ake nema a ɗakin nama digiri 105 zuwa 120, irin wanda masu wannan gashi a Texas ta Amurka suke aiki da shi. Sayi ma'aunin zafi mai dogon tsinke ka huda ƙofa daidai ragar tsakiya. Wanda aka sa can sama ƙarya zai yi maka, domin saman ya fi zafi.

Bututu a buɗe yake koyaushe. Da tagar ƙasa ake rage wuta ko ƙara ta. Mai toshe bututu don hayaƙi ya kama naman, abin da yake samu shi ne baƙin maiƙo mai ɗaci da ke sa harshe ya yi kamar ya mutu. Hayaƙin kirki siriri ne, shuɗi-shuɗi, da ƙyar kake ganinsa. Fari mai kauri yana nufin itacen ɗanye ne ko wutar ba ta samun iska. Fara da gawayi ka samu gadon garwashi, sannan kowane minti 40 ko 45 ka ɗora faskare ɗaya mai kaurin damtse. Ƙaramar wuta mai ci da harshe ta fi babbar wuta mai turnuƙewa. Faskaren da zai shiga gaba ka ajiye shi a kan rufin akwatin wuta ya ɗumama, yana shiga zai kama.

Itace busasshe, wanda ya yi aƙalla wata 6 da sarewa: marke, ƙirya, bagaruwa, mangwaro, gwaiba. Ƙirya tana da ƙarfin hayaƙi, a haɗa ta da wani. Darbejiya tana sa ɗaci, itacen turare yana ba nama warin magani. Katakon da aka yi wa fenti ko aka shafa wa baƙin mai saboda gara, ko kusa. Kananzir da leda wajen kunna wuta su ma haka.

Tiren maiƙo ka zuba masa ruwa kaɗan ka riƙa dubawa. Kitsen da ya ɗiga a kan faranti mai zafi shi ne yake tayar da gobara a cikin ɗakin. In hakan ta faru kada ka watsa ruwa, rufe ƙofofi da tagar iska, ka ɗora faranti a bakin bututu, za ta mutu da kanta.

Kaza tana ɗaukar awa 3 zuwa 4, sai tsakiyar cinya ya kai digiri 74. Kafaɗar rago awa 6 zuwa 8. Ƙirjin sa yana iya cin awa 10 ko fiye, kuma ba ya laushi sai cikinsa ya kai 90 zuwa 95. A wajen 65 zuwa 70 zafin naman zai tsaya cak na awanni. Ruwan jikinsa ne yake fita yana sanyaya shi, kada ka ƙara wuta. Naɗe shi a takardar gashi ka mayar, zai wuce.

Tarwaɗa kuma a wanke yauƙinta, a jiƙa ta minti 30 a ruwan gishiri, giram 100 a kowace lita, a bar ta ta tsane har fatar ta daina sheƙin ruwa. Kifin da ya shiga a jiƙe hayaƙi ba ya kama shi da kyau, dahuwa yake yi ya manne a raga. Fara da digiri 60 zuwa 70 na awa 2, sannan ka ɗaga zuwa 90 har ya nuna. Idan na ajiya kake so, sai ka sauke wutar ka ci gaba da ƙyafe shi a hankali, kana juyawa kana sauya wa ragogin wuri, har ya bushe ƙayau.