Wace kalma za mu ba "passing" da Hausa?

Mai Shirin Adabi: Salamu alaikum. Gobe da safe zan naɗi shiri kan wani littafin matasa na Amurka. Iyali ne baƙaƙe masu hasken fata, suka tare a Levittown a shekarun 1950, unguwar da ba a sayar wa baƙaƙe gida, ana ɗaukarsu farare. Turawa na kiran wannan passing. A taimaka.

Ɗan Kurmi: Sojan gona.

Malamar Hausa: A'a, sojan gona macuci ne. Su wa suka cuta? A 1957 iyalan Myers, su ma baƙaƙe, sun shiga Levittown ta jihar Fensilbaniya ba su ɓoye komai ba, jama'a suka yi dafifi a ƙofar gidansu dare bayan dare, aka jefi tagarsu da dutse. Tsoron wannan ke sa mutum ya kama bakinsa.

Ɗan Kurmi: To, ɓad-da-kama.

Malamar Hausa: Babu kamar da aka ɓatar. Fatarsa ce, gashinsa ne. Doka ce, irin ta jihar Bajiniya ta 1924, ta ce ɗigon jinin baƙi ya fitar da kai daga farare.

Baba Na Damagaram: Shigar burtu. Kalmar kakanninmu ce, kun bar ta kuna lalube.

Mai Shirin Adabi: Baba, mai burtu farauta yake yi. Ta dace da Walter White na NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙe, baƙi mai hasken fata wanda ya riƙa shiga Kudancin Amurka a matsayin fari yana binciken kisan gillar da ake yi wa baƙaƙe. Yaron littafin kuwa, hoton kakarsa ma ba ya iya ratayewa a falo.

Ɗan Kurmi: Ku ce fasin kawai mu huta.

Baba Na Damagaram: Fasin! Mai sauraro ya zaci jarrabawa aka ci. Haka kuke yi a Kano, ku lanƙwasa Turanci ku ce Hausa ce.

Ɗan Kurmi: Ku fa da kuke ce wa makaranta lakwal?

Malamar Hausa: Don Allah a bari. Ni dai "sajewa da farare". Babu zargi a ciki. "Ɓoye asali" na da nauyi a kunnen Bahaushe, za a ji kamar asalin ne abin kunya.

Baba Na Damagaram: Sajewa ba ta ɗauke da fargabar tonon asiri, ita ce kuwa zuciyar abin. Amma lokaci ya ƙure miki, 'yata, ɗauki.

Mai Shirin Adabi: Na gode, Baba. Zan yi bayanin fargabar a farkon shiri. Saura redlining, wato hana unguwannin baƙaƙe bashin sayen gida, wa ke da ita?